Wa'adin Manhaja: Darasi Daga Ɗakin Kwamfuta

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zuwa ɗakin shan magani na makarantar nan ya ga abin da nas takan yi kafin ta ba shi ƙwaya. Takan juya kwali ta duba ranaku biyu, wato ranar da aka yi maganin da ranar da wa'adinsa zai cika. In ranar ta wuce ba za ta ba kowa ba, ko da kwalin yana ƙyalli kamar jiya aka sauke shi daga mota. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke sa ido a ga an rubuta waɗannan ranaku a jikin magani da abincin gwangwani. Yau ko a kasuwar ƙauye za ka ga uwa tana juya gwangwanin madara tana neman rana.

To, akwai wani kaya da muke amfani da shi dare da rana, shi ma yana da wa'adi, amma ba a rubuta wa'adin a jikinsa ba. Wannan kaya shi ne manhaja, wato jerin umarnin da ke sa kwamfuta ko wayar hannu ta yi aiki. Mu malamai da ɗaliban sashen kwamfuta mun ga ya dace mu yi amfani da shafinmu na mujallar bana mu yi nazarin wannan batu tare da ku.

Ba haka kawai muka zaɓe shi ba. Wasu shekaru da suka wuce an kawo mana kyautar kwamfutoci na hannu, muka yi murna ƙwarai, muka sa ɗaya a ofis don ajiye makin jarrabawa. Wata safiya, ana saura 'yan kwanaki a ba da hutu, sai takardun da ke cikinta suka ƙi buɗewa. Ashe wani filashi ne ya shigo da ƙwayar cuta. Malamai suka kwashe mako guda suna sake shigar da maki daga takardun hannu. Da mai gyara ya duba, ya ce ai manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta daɗe da fita daga kulawar kamfanin da ya yi ta. Shugaban makaranta ya tambaye mu, "Tun yaushe?" Duk cikinmu ba wanda ya iya ba shi amsa. Wannan tambaya ita ce tushen darasinmu.

Me ake nufi da cikar wa'adi?

Magani yakan lalace ne domin sinadaran da ke cikinsa suna canzawa. Manhaja kuwa ba ta ruɓa, ba ta tsatsa. Yadda aka rubuta ta, haka za ta zauna ko bayan shekara hamsin. Abin da ke canzawa shi ne duniyar da ke kewaye da ita.

Kowace babbar manhaja tana ɗauke da layukan umarni masu yawan gaske, kuma mutane ne suka rubuta su, don haka ba a rasa kuskure. Wasu kurakuran sukan zama ɓaraka, wato kafar da ɓarawo zai bi ya shiga kwamfuta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muddin kamfani yana kula da manhajarsa, duk lokacin da aka gano tsaga sai ya aiko da faci ta intanet a liƙe ta. Alal misali, tun daga 2003 kamfanin Microsoft yake fitar da facinsa a ranar Talata ta biyu ta kowane wata.

Amma kamfani ba zai yi ta biyan ma'aikata su lura da tsohuwar manhaja har abada ba. Akwai ranar da zai ce ya tsame hannunsa. Daga wannan rana kwamfuta za ta ci gaba da kunnuwa kamar kullum, ba ƙararrawa, ba hayaƙi, sai dai duk tsagar da aka gano daga baya za ta zauna a buɗe. Wannan rana ita muke kira cikar wa'adi. A takardun kamfanoni za ku riƙa ganin harufan EOL a madadinta.

Matakai huɗu na rayuwar manhaja

Domin a fahimci abin da kyau, bari mu kasa rayuwar manhaja kashi huɗu.

Na ɗaya, ranar fitowa. Ita ce ranar da aka fara sayar da manhajar ko raba ta ga jama'a.

Na biyu, ranar daina sayarwa. Daga nan kamfani ba zai sayar wa sabon mai saye ba, amma yana ci gaba da kula da waɗanda suka riga suka saya.

Na uku, ranar daina facin tsaro. Wannan ita ce ranar da ta fi muhimmanci ga mai amfani, domin daga ita ne haɗari yake farawa.

Na huɗu, ranar cikar wa'adi gaba ɗaya. Bayanta babu sauran taimako kowane iri daga kamfani.

Ga misali. An fito da Windows XP a ranar 25 ga Oktoba, 2001, aka daina kula da ita a ranar 8 ga Afrilu, 2014. Windows 7 ta fito a Oktoba 2009, wa'adinta ya cika a ranar 14 ga Janairu, 2020. Windows 10 ta fito a Yuli 2015, nata wa'adin ya cika a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Mai lura zai ga cewa na biyun da na ukun sun yi kimanin shekara goma goma, XP kuwa ta haura shekara goma sha biyu, saboda an ƙara mata lokaci ganin yawan masu amfani da ita.

Abin da ya faru a watan Mayu na 2017

Wani zai ce, in dai kwamfuta tana aiki, me ya dame ni da faci? Ga amsa daga tarihi.

A ranar 14 ga Maris, 2017, Microsoft ya fitar da facin wata babbar ɓaraka a manhajar Windows. Waɗanda manhajarsu ke ƙarƙashin kulawa sun sami damar saukar da facin. Masu Windows XP ba su samu ba, domin wa'adinta ya cika shekara uku kafin nan. A ranar Juma'a, 12 ga Mayu, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta fara yaɗuwa ta wannan kafa. Takan kulle duk takardun da ke cikin kwamfuta, sa'an nan ta nemi kuɗin fansa na dala 300 da kuɗin intanet na Bitcoin. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150.

A Ingila abin ya taɓa kimanin kashi ɗaya cikin uku na hukumomin da ke gudanar da asibitocin gwamnati. An ƙiyasta cewa an soke ganin likita da aikin tiyata wajen 19,000, wasu asibitoci kuma suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri. Wani matashi ɗan Ingila mai shekara 22, Marcus Hutchins, shi ya gano dabarar da ta tsayar da yaɗuwar. Microsoft kuma ya karya al'adarsa, ya fitar da faci na gaggawa har ga XP.

Akwai abin lura a nan. Bincike ya nuna yawancin kwamfutocin da suka kamu masu Windows 7 ne, wadda a lokacin tana cikin wa'adinta, amma masu su ba su saka facin da aka fitar tun Maris ba. Ke nan darasi biyu ne. Wanda wa'adin manhajarsa ya cika ba shi da facin da zai saka. Wanda nasa bai cika ba, in ya yi sakaci, sakamakonsu ɗaya.

Me ya sa sanin ranar yake da wuya?

Tun da abin yana da haɗari haka, sai mu ɗauka sanin ranar abu ne mai sauƙi. Ba haka ba ne, saboda dalilai biyar.

Na farko, kowane kamfani da nasa harshe. Abin da wannan ya kira cikar wa'adi, wancan yana nufin daina sayarwa ne kawai. Wani yana da "kulawa ta farko" da "kulawar ƙari", wani yana da "kulawa mai dogon zango". Kalma ɗaya, ma'ana dabam dabam.

Na biyu, kowa da wurin da yake ajiye sanarwarsa. Wani a shafinsa na intanet, wani a cikin doguwar takarda, wani a wasiƙar da yake aika wa manyan abokan cinikinsa kaɗai. Wasu ƙananan manhajoji ma ba a yin sanarwa ko kaɗan, mai su ne kawai zai yi shiru ya kama wani aiki.

Na uku, yadda ake rubuta kwanan wata ya bambanta. Ba'amurke yakan fara da wata, mu da Turawan Ingila mukan fara da rana. Ranar da wa'adin XP ya cika, Ba'amurke zai rubuta 04/08/2014. Ɗalibinmu in ya gani zai karanta 4 ga Agusta, alhali 8 ga Afrilu ake nufi. Kusan wata huɗu ke nan na kuskure.

Na huɗu, ranar takan motsa. An shirya daina kula da harshen rubuta manhaja na Python 2 a 2015, amma ganin jama'a ba su shirya ba, aka ɗaga zuwa 1 ga Janairu, 2020. Wani lokaci kuma baya ake jawo ta. Masu amfani da CentOS 8 sun sa rai za a kula da ita har 2029, sai ga sanarwa a Disamba 2020 cewa za a daina a ƙarshen 2021. Dubban ma'aikatu suka shiga neman mafita, har aka ƙirƙiro Rocky Linux da AlmaLinux don cike gurbin.

Na biyar, wanda ya fi duka wuya, manhaja kamar miya take, kayan haɗi ne da yawa a tukunya ɗaya. Mai rubuta manhaja yakan ɗauko gutsattsarin da wasu suka rubuta ya haɗa da nasa, kuma kowane gutsure da nasa wa'adi. A Disamba 2021 aka gano mummunar ɓaraka a wani ƙaramin gutsure mai suna Log4j, wanda ke cikin dubban manhajoji. Ma'aikatu da yawa sun kwashe makonni suna neman sanin ko yana cikin kayansu. Cikin binciken ne wasu suka tarar ashe tsohuwar sigarsa ta farko suke ɗauke da ita, wadda aka daina kula da ita tun 2015.

Ko gwamnatoci ba su tsira ba. Tun Yuli 2017 kamfanin Adobe ya sanar cewa zai daina kula da manhajar Flash a ƙarshen 2020. Duk da gargaɗin fiye da shekara uku, da Janairu 2021 ya zo wasu takardun cike haraji na hukumar tara haraji ta Afirka ta Kudu sun daina aiki, domin a kan Flash aka gina su. Dole hukumar ta fito da manhajar shiga intanet tata ta musamman don mutane su samu su biya haraji.

Ma'aunan da ake ginawa

Mun san yadda ciniki yake wahala in mudun wannan kasuwa ya bambanta da na waccan. Maganin haka shi ne ma'auni ɗaya wanda kowa ya yarda da shi. Haka masana kwamfuta suke ƙoƙarin yi, kuma aikin hawa hawa ne.

Hawa na farko, kwanan wata. Hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 8601 a 1988. Ƙa'idar ta ce a fara da shekara, sai wata, sai rana. Ranar XP za ta zama 2014-04-08, ba mai ruɗewa ko'ina yake a duniya.

Hawa na biyu, sunan ɓaraka. A 1999 wata cibiya a Amurka mai suna MITRE ta soma tsarin CVE, inda kowace ɓarakar da aka bayyana take samun lamba tata. Wadda WannaCry ta bi ita ce CVE-2017-0144, ta Log4j kuwa CVE-2021-44228. Lambar tsakiya shekara ce.

Hawa na uku, sunan manhajar kanta. In ana so kwamfuta ta gane cewa abin da ke cikin wannan jeri shi ne abin da ke cikin wancan, dole a rubuta sunan kamfani da na manhaja da lambar sigarta ta hanya ɗaya tak. Tsare-tsare biyu da aka fi sani a nan su ne CPE da PURL.

Hawa na huɗu, jerin kayan haɗi. Kamar yadda ake rubuta sinadaran da ke cikin biskit a bayan leda, haka ake so kowace manhaja ta zo da jerin gutsattsarin da ke cikinta. Ana kiran wannan jeri SBOM. A ranar 12 ga Mayu, 2021, shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya sa hannu a umarni mai lamba 14028, wanda ya sa maganar wannan jeri ta yi ƙarfi ga masu sayar wa gwamnatin ƙasar manhaja. Akwai hanyoyi biyu manya na rubuta shi: SPDX, na Gidauniyar Linux, wanda ya zama ƙa'idar ISO a 2021, da CycloneDX, na ƙungiyar OWASP, wanda hukumar Ecma ta amince da shi a 2024.

Hawa na biyar shi ne wa'adin kansa, kuma shi ne sabo a cikinsu. A ƙarshen 2023 ƙungiyar OASIS Open ta kafa kwamiti a kan wani tsari mai suna OpenEoX. Kamfanoni irin su Cisco da Microsoft da Red Hat da Dell suna cikin masu goyon baya, Omar Santos na Cisco kuma yana cikin jagororin aikin. A 2025 kwamitin ya fitar da takardar bayanin manufarsa, kuma matakai huɗun da muka lissafa a sama daga irin rabon da suka yi ne. Burinsu abu biyu ne: kalmomin su zama da ma'ana ɗaya a bakin kowa, kuma a rubuta ranakun yadda kwamfuta za ta iya karantawa da kanta. Ƙungiyar OWASP ma ta fito da nata tsarin mai suna CLE, wanda ke rubuta abubuwan da ke faruwa da manhaja a rayuwarta, har da sauya suna ko maye gurbinta da wata.

Ku yi tunanin amfanin haɗa waɗannan hawa biyar. Kwamfutar ofis za ta duba jerin kayan haɗinta, ta tambayi kowane kamfani ranar wa'adi, sa'an nan ta gaya wa mai ita cewa gutsure kaza saura wata shida a daina yi masa faci. Aikin da yau mutum zai yi mako yana yi, na'ura za ta gama kafin shayi ya huce.

Kafin a kai can, akwai masu aikin sa kai da suka tattara ranakun ɗaruruwan manhajoji da na'urori a wuri ɗaya mai suna endoflife.date. Mu ma da shi mukan fara bincike, sa'an nan mu tabbatar daga sanarwar kamfanin da kansa.

Abin da doka ta fara cewa

Ma'auni ba ya aiki sosai sai an sami mai tilasta amfani da shi. Tun daga 29 ga Afrilu, 2024, dokar Birtaniya ta wajabta wa masu ƙera na'urorin gida masu haɗuwa da intanet su bayyana mafi ƙarancin lokacin da za su riƙa aiko da facin tsaro. Tarayyar Turai kuma ta yi doka mai lamba 2024/2847, wadda ta kafu a ranar 10 ga Disamba, 2024, aka sa 11 ga Disamba, 2027 ta zama ranar da manyan sharuɗɗanta za su hau kan kowa. Dokar ta ce a kula da kaya aƙalla shekara biyar, sai in an san kayan ba zai kai haka ana amfani da shi ba, kuma a faɗa wa mai saye wata da shekarar da kulawar za ta ƙare tun lokacin ciniki. Wata dokar ta Turai da ta fara aiki a ranar 20 ga Yuni, 2025 ta shafi wayoyin hannu, ta ce a ci gaba da samar da sabunta manhajarsu aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin.

Kamfanoni ma sun fara gasa a kan tsawon wa'adi. Google ya yi alkawarin shekara bakwai ga wayar Pixel 8 a 2023, Samsung ya yi irin wannan alkawari ga Galaxy S24 a 2024. Har ila yau a 2023 Google ya mai da wa'adin kwamfutocin Chromebook, waɗanda makarantu ke yawan saye, zuwa shekara goma ga waɗanda aka fitar daga 2021.

Ina ruwanmu?

Waɗannan dokoki na Turai ne, amma maganar ta shafe mu, wataƙila ma fiye da su. Dalili kuwa shi ne yawancin kwamfutoci da wayoyin da muke saye na hannu ne. Daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas har kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, kayan da aka riga aka yi amfani da su a waje suna da yawa. Sau da yawa ma'aikata a Turai takan sayar da kwamfutocinta ne daidai lokacin da wa'adinsu ya kusa. Ke nan mai saye a nan ya sayi jiki mai kyau da ɗan guntun wa'adi, ko ma babu.

Iyayenmu da yayyenmu sun riga sun ɗanɗana. Waɗanda suka yi zamanin BlackBerry suna tuna yadda aka rufe manhajar hira ta BBM a ranar 31 ga Mayu, 2019, aka kuma daina hidimar tsofaffin wayoyin a ranar 4 ga Janairu, 2022. WhatsApp ya daina aiki a ƙananan wayoyin Nokia masu tsarin S40 a ƙarshen 2018, a Oktoba 2023 kuma ya bar wayoyin Android da ba su kai siga ta 5 ba. Mutane da yawa sun kai wayarsu wurin mai gyara suna zaton lalacewa ta yi.

Cikar wa'adin Windows 10 a Oktoba 2025 ita ce ta fi taɓa makarantu irin tamu. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana bukatar wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kwanan nan, saboda haka tsofaffin kwamfutoci da yawa ba za su ɗauke ta ba ko da lafiyarsu ƙalau. Microsoft ya buɗe hanyar ƙarin faci: ga mutanen gida har 13 ga Oktoba, 2026, ga ma'aikatu kuma har shekara uku da biya. Kuɗin da ya sanar wa kamfanoni shi ne dala 61 a kan kowace kwamfuta a shekarar farko, yana ninkawa kowace shekara, makarantu kuwa dala 1, sai 2, sai 4. Wannan jinkiri ne kawai, ranar tana nan tafe.

Zubar da kwamfuta mai lafiya kuma ɓarna ce. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. Akwai hanya ta uku tsakanin saye da zubarwa. Manhajar Ubuntu kyauta ce, tana kuma tafiya a kan tsofaffin kwamfutoci da yawa. Kowace shekara biyu, a watan Afrilu, ana fitar da sigarta mai dogon zango, wadda ake kula da ita shekara biyar ba tare da biya ba. Lambarta ma tana faɗin shekarunta: 24.04 na nufin Afrilu 2024, wa'adinta na kyauta kuma 2029.

Kada mu manta, makaranta tana riƙe da amanar sunayen ɗalibai da makinsu da bayanan iyayensu. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai nauyin tsare su. Ajiye su a kwamfutar da ba a yi mata faci kamar ajiye kuɗin makaranta ne a akwatin da makullinsa ya karye.

Rajistar wa'adi

Bayan abin da ya same mu, mun buɗe littafi guda a ɗakin kwamfuta, muka sa masa suna rajistar wa'adi. Duk wanda ke da kwamfuta a gida, ko shago, ko ofis, zai iya yin irinsa. Kowane shafi yana da gida shida:

1. Sunan na'ura da wurin da take.
2. Sunan manhaja da lambar sigarta cikakkiya.
3. Ranar daina facin tsaro, a rubuce shekara, wata, rana.
4. Inda muka samo ranar.
5. Ranar da muka duba ta ƙarshe.
6. Wanda ke da alhakin na'urar, da abin da za a yi kafin wa'adi.

Ba kwamfutoci kaɗai muke rubutawa ba. Firinta, da na'urar rarraba intanet, da wayar ofis, duk suna da manhaja a ciki, kuma su aka fi mantawa da su. Farkon kowane zangon karatu ɗaliban aji biyar sukan bi littafin layi layi, tun da mun ga rana tana iya motsawa. In saura shekara ɗaya, sai a ja layi da jan biro a sanar da ma'ajin makaranta, domin ya sa abin a kasafin kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In wa'adi ya cika, zaɓi huɗu ne a gabanmu: a hau sabuwar siga, ko a sauya zuwa wata manhajar da ake kula da ita, ko a biya kuɗin ƙarin faci na ɗan lokaci, ko a cire na'urar daga intanet a hana sa mata filashi, a bar ta don koyon buga rubutu kawai. Duk wanda aka zaɓa, a tabbata an ajiye kwafin muhimman takardu a wani wuri dabam.

Ga iyaye kuma muna da roƙo ɗaya. In za ku saya wa yaro waya ko kwamfuta, bayan kun tambayi kuɗi da ƙarfin batir, ku ƙara tambaya ɗaya: har wace shekara za a riƙa aiko mata da faci? In mai kanti bai sani ba, ku rubuta sunan samfurin ku kawo mana, za mu duba muku. Haka nan masu niyyar ba makaranta kyautar kwamfuta, muna godiya ƙwarai, muna kuma roƙo a faɗa mana shekarunta da manhajar da ke kanta.

Kammalawa

Mun ga cewa manhaja tana da wa'adi, kuma cikarsa ba ya zuwa da alama. Mun ga dalilai biyar da suka sa sanin ranar yake da wuya, da ma'aunai hawa biyar da ake ginawa don a sauƙaƙe shi, da dokokin da suka fara tilasta wa kamfanoni faɗin gaskiya tun wurin ciniki. Kafin waɗannan su kankama ko'ina, littafi da biro da ɗalibi mai lura sun ishe mu farawa. Yanzu in shugaban makaranta ya sake tambaya "Tun yaushe?", ko "Sai yaushe?", za mu buɗe rajista mu nuna masa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don nazari

1. Mene ne bambanci tsakanin lalacewar magani da cikar wa'adin manhaja?
2. Lissafa matakai huɗu na rayuwar manhaja. Wanne ya fi muhimmanci ga mai amfani, kuma don me?
3. Rubuta 14 ga Oktoba, 2025 bisa ƙa'idar ISO 8601.
4. Waɗanne darussa biyu muka koya daga WannaCry?
5. Me ya sa jerin kayan haɗi ba zai wadatar ba in babu ranakun wa'adi?
6. Aikin hutu: ku nemi izinin iyayenku, ku duba sigar manhajar wayar gidanku, ku cike gida shida na rajista, ku kawo ranar dawowa.